Taurarin da Auta Ta Tara

Kullum da safe, kafin Yaya ya fita aiki, sai ya leƙo ɗakin Auta da kwamfuta a hammata. Ba ya tambayarta yadda ta kwana. Zai ɗora mata ita a kan ƙafafun nan da suka daina jin komai tun hatsarin mota, ya jona mata caji, ya ce, "Kar ki bari Guguwa ya wuce mu yau." Daga nan sai ƙarar takalminsa a matakala, tun daga hawa na uku har ƙasa.

Wasan na jiragen ruwa ne. Mutum biyar-biyar ke haɗuwa a intanet, su ɗauki kaya daga wannan tsibiri su kai wancan, 'yan fashin teku na bin su. In an gama tafiya, kowa zai iya danna wa abokin tafiyarsa tauraro guda idan ya riƙe masa amana, wato ya jira shi, ya cece shi, bai zage shi ba. Taurarin nan su ne mutuncin mutum a wasan. Mai su da yawa rububin shiga jirginsa ake yi, marar su kuwa ko sallama ba a amsa masa. Kuma ba sa zama. Ka yini ba ka shiga ba, sai su fara zubewa.

To shi Yaya yini yake yi a ofishin wani kamfanin aika kaya, ga kuma Guguwa, abokin hamayyarsa a wasan, wanda ba shi da aikin yi sai wasan. Shi ya sa Garkuwa, sunan da aka san Yaya da shi a can, ya zama mutum biyu. Da rana Auta ce, da rubutu kawai, makirfo a kashe. Da yamma Yaya ne, da muryarsa mai daɗi. Dokar wasan ta hana a ba wani akawun, in aka kama mutum a share taurarinsa kaf, saboda haka bakin kowa a gidan a rufe yake.

"Don in ɗebe miki kewa na ba ki," in ji Yaya duk lokacin da zancen ya taso. "A da bango kike kallo."

Gaskiya ne, a da bango take kallo. Amma wallahi taurarin nan Auta ce ta tara su. Ita ce mai haƙurin koya wa sabon shiga yadda ake juya jirgi. Ita ce mai tsayawa ta jawo wanda ya maƙale, ko da kuwa za a rasa kayan gaba ɗaya. Mutumin da ba ya zuwa ko'ina yana da lokacin sauraro, sai mutane suka gane Garkuwa na sauraro. Wannan ya kawo masa kukan shugabansa a wurin aiki, wancan ya kawo na jarrabawa. Auta ta san sunan 'ya'yansu, ta san wanda mahaifinsa ke asibiti.

A cikinsu akwai wata dattijuwa mai aiki a shagon tabarau, kowa na ce mata Mai Tabarau. Ta shigo wasan ne bayan rasuwar ɗanta tilo, don shi ma wasan yake yi da yana raye. Ranar da suka fara haɗuwa jirginta zagaye wuri ɗaya yake ta yi, sauran na zaginta. Auta ta juyo da jirgin Garkuwa, ta ɗaura mata igiya, ta ja ta har tsibiri. Tun daga ranar, duk lokacin da shago ya yi shiru sai ga saƙonta. A hankali ta kai ga faɗin abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba: ranar da ɗanta zai fita ya gamu da ajalinsa faɗa suka yi, kuma maganarta ta ƙarshe gare shi ita ce, "Fita ka ba ni wuri." Auta ta karanta, ta yi kuka ita kaɗai, ta yini tana lallashinta.

Da yamma in Yaya ya dawo, zai tsaya a bakin ƙofa yana kwance agogo.

"Me aka yi yau? A taƙaice."

Sai ta jero masa. Dogo, ɗalibin nan na cikin jirginsu, ya ci jarrabawa, a yi masa murna. Wane ya rasa aiki, a bi shi a hankali. Zancen ɗan Mai Tabarau ne kawai ba ta taɓa ba shi ba, wannan ta riƙe abinta. Ya ɗauke kwamfutar ya koma falo, ya sa abin sauraro a kunne, nan da nan sai ta ji shi ta bango.

"Dogo! Kai, na taya ka murna! Ai na faɗa maka za ka ci!"

Ita ce ta faɗa masa. Ita ta zauna da shi suna bitar darasi tsakanin tsibiri da tsibiri. Wani lokaci Yaya kan saki lasifika don matarsa ta ji yadda ake yabonsa, sai muryoyin su cika gidan: Garkuwa ba ka da na biyu, Garkuwa Allah ya bar mana kai. A nan Auta ta fara jin muryar Mai Tabarau, ta bango, tana gode wa wani. Kishi ya kama ta. Kishin Yaya take yi da ya samu mutanenta a ɓagas, kuma kishin mutanen take yi da suka samu wannan muryar tasa mai laushi, wadda ita rabonta da ita tun tana asibiti.

Kwanaki na tafiya, jikinta na lalacewa. Likita ya ce a riƙa kai ta gashin ƙashi, amma sauko da ita daga hawa na uku sai Yaya, kuma ranar da aka kai ta Garkuwa ba ya kan teku.

"Wannan makon dai a bari," in ji shi. "Guguwa na bayanmu kamar jela. In mun ba shi rata sai mu je."

Tayar keken guragunta ta sace, ya ce zai kai a gyara. Keken na nan jingine a bayan ƙofa, matarsa ta mai da shi wurin rataye tawul. Wuyan hannun Auta na dama ya kumbura. Bayanta ya fara ƙuraje saboda zama wuri ɗaya. Idanunta kuwa kamar an watsa musu yashi, da la'asar har hawaye suke yi da kansu. Ta faɗa wa matar Yaya, wadda take kira Anti.

"Auta ke nan," in ji Anti tana ajiye mata shayi. "Wasa fa kike yi. Ni da nake tsaye tun safe me zan ce? Ki gode Allah kina da yayan da ya riƙe ki. Wasu da tuni an kai su ƙauye an ajiye."

Wata rana abin ya ishe ta. Ta fita daga akawun ɗin Garkuwa, ta buɗe nata na kanta, ta sa masa suna Kurciya. Ta nemo Mai Tabarau ta rubuta mata gaisuwa, sai saƙon ya dawo: wannan ɗan wasa ba ya karɓar saƙo daga marasa tauraro. Auta ta yi tsaki. Ita da kanta ta koya wa dattijuwar yadda ake kulle ƙofar nan, lokacin da wasu 'yan iska ke damunta.

Ta wuce tashar jiragen, inda ake neman abokan tafiya a fili. Ga jirgin su Mai Tabarau da Dogo, mutum huɗu, suna neman na biyar. Ta nemi shiga.

"Ba tauraro ko ɗaya," Dogo ya rubuta. "A bar ta, za ta nutsar da mu."

"Zan iya," ta rubuta. "Ku gwada ni sau ɗaya."

"Kowa haka yake cewa."

Sai Mai Tabarau ta sa baki. "Yi haƙuri 'yata, ba wulakanci ba ne. Gurbin na Garkuwa ne, shi muke jira."

Auta ta zuba wa rubutun ido. Suna jiran ta, kuma ga ta sun kore ta. Kai, ranar ta tsani sunan nan Garkuwa kamar wani mutum ne mai rai da ya shigo gidan ya kwashe mata kaya. Ta ƙi komawa, ta bar su suna ta jira har suka gaji suka watse.

Da yamma Yaya ya ga taurari sun ɗan zube, Guguwa ya matso. Ya bincika, ya ga Kurciya. Ya shigo ɗakin ba ko sallama.

"Me na rage ki da shi? Ci? Sha? Wutar lantarki?"

"Yaya, so nake mutum ɗaya ya san ni."

"Ya san ki ya yi miki me? Kin san in suka ga akawun biyu a kwamfuta ɗaya bincike za su yi? Shekara nawa ina gina sunan nan, za ki rusa mini shi a yini ɗaya saboda son a sani!"

"Tare muka gina."

Ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. "Tare? To ga ki ga fili, kin fita da sunanki. Wa ya kula ki?"

A gabanta ya goge Kurciya. Kuma gaskiya ne, ba wanda ya kula ta.

Ba a jima ba Mai Tabarau ta rubuto cewa shagonsu zai turo ta garin su Garkuwa yin wani kwas, kuma ba za ta koma ba sai ta ga Garkuwa da idonta. Auta ta karanta ta sake karantawa. Ranar ta roƙi Anti ta wanke mata kai. Da Yaya ya ji labarin, farko ya tsorata, daga baya ya ga riba, don in dattijuwa irin wannan ta yi masa shaida a dandalin wasan, Guguwa ya gama yawo.

"Ranar Asabar da la'asar za ta zo," ya ce. "Ga yadda za a yi. Zan bar ƙofarki a ɗan buɗe ki riƙa ji. In ta kawo zancen da ban sani ba, ki turo mini amsa a waya."

"Ba zan gaishe ta ba?"

"Ki gaishe ta a matsayin wa? Auta, don ke nake yi. Mutane ba su da kirki, kallon tausayi za ta yi miki, ki zo kina kuka. Na san halinki."

Asabar ta zo. Auta na zaune a kan gado, kwamfuta a cinya, ta ji sallama, ta ji numfashin wadda ta hawo bene da ƙyar. Ta 'yar kafar ƙofa ta hango gefen mayafi ruwan toka da wata jaka baƙa. Nan da can ne, amma ba dama.

"Ɗana, ka tuna ranar da ka ja jirgina?" in ji Mai Tabarau bayan an gaisa.

Auta ta rubuta: igiya ta tsinke, ka koma ka sake ɗaurawa.

"Haba Mama, ranar da igiya ta tsinke na koma na sake ɗaurawa?" in ji Yaya, yana duba waya kamar saƙon ofis ne ya shigo.

Dattijuwar ta yi dariya har da tafi. "Wallahi bai manta ba!"

Haka aka yi ta yi. Ta tambaya, Auta ta tura, Yaya ya faɗa, a yi dariya. Kowace dariya sai Auta ta ji kamar an zare mata wani abu daga jiki an miƙa masa. Can sai ta ji an zuge jaka.

"Kullum da la'asar kana ce mini idonka na yaji," in ji Mai Tabarau. "Ga wannan, ni na haɗa maka da hannuna. Yana tare hasken allo. Sa mu gani."

Ya sa, sai muryar Anti: "Kai, ya yi maka kyau!"

Auta ta ture kwamfutar. Ta kamo ƙafafunta da hannu ta zubo su ƙasa, ta sulalo daga gadon ta faɗi tim. Da gwiwar hannu ta ja jiki, ɗankwalinta ya zame, kumburarren hannun na sara mata, har ta tura ƙofar da kai ta fito falo. Ga Yaya da tabarau a fuskarsa, wanda aka haɗa don idonta.

"Nawa ne," ta ce. "Mama, idona ne ke yaji. Ni ce. Ni kike magana da ita kullum."

Mai Tabarau ta miƙe tsaye, hannu a ƙirji. Yaya kuwa, in ba shi haƙƙinsa, ko gezau bai yi ba. Ya durƙusa kusa da Auta, ya gyara mata ɗankwali, ya sa muryar nan tasa ta yamma.

"Ƙanwata ce, Mama. Tun hatsarin da ta yi abin ya ɗan taɓa mata kai. Tana jin muna hira, sai ta ɗauka da ita ake yi."

"Allah sarki," in ji dattijuwar. "Kana da wannan ɗawainiya a gida ba ka taɓa faɗa mana ba?"

"Ba abin faɗa ba ne. Jinina ce."

Kallon da Mai Tabarau ta yi masa a lokacin shi ya ƙarasa Auta. Kallo ne na uwa da ta samu ɗa, kuma nata ne aka ba wani tana kwance a ƙasa tana gani. Hankalinta ya gushe, ta ɗauko abu ɗaya da ta san Yaya ba shi da shi.

"Tambaye shi me kika ce wa ɗanki ranar da zai mutu! Bai sani ba! Ni na sani! Cewa kika yi, fita ka ba ni wuri!"

Auta ta ga fuskar dattijuwar ta sauya, sai a lokacin ta ji abin da bakinta ya yi. Maganar da matar nan ta ɓoye wa duniya, ita ta kwance ta a gaban baƙi, da ihu. Mai Tabarau ta koma ta zauna a hankali, ta dubi Yaya.

"Ka faɗa mata?"

"Wallahi ko da wasa," in ji shi, kuma wannan karon gaskiya ya faɗa. "Sai dai in na fita aiki takan buɗe mini kwamfuta. Na yi faɗa har na gaji. Ki yafe mata, ba a hayyacinta take ba."

"Mama, ki saurare ni," in ji Auta. "Don Allah ki tambaye ni komai."

Dattijuwar ba ta ko dube ta ba. Yaya ya sunkuce ta kamar jaririya, ya mai da ita gado, ya ja bargo ya rufe mata ƙafa, ya fita ya rufe ƙofar. Wannan karon har da sakata.

Kafin magariba Mai Tabarau ta rubuta a dandalin wasan cewa ta ga Garkuwa da idonta, kuma abin da ba su sani ba, yana jinyar ƙanwarsa marar lafiya shi kaɗai, bai taɓa kokawa ba. Taurari suka yi ta zuba. Auta na jin Yaya ta bango yana karanta wa Anti saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, yana cewa Guguwa ko ƙurarsa ba zai ƙara gani ba. Ba wanda ya shigo ya tambaye ta ko ta ji ciwo da ta faɗo daga gado, alhali gwiwar hannunta duk ta saɓule.

Ranar Litinin da safe ya shigo da kwamfutar kamar kullum. Ya ɗora mata a cinya.

"Na yafe miki," ya ce. "Kar a sake."

Ba ya tsoron ta tona shi, ya riga ya san ba mai yarda da ita. Tana buɗewa ta tarar da saƙon Mai Tabarau na jira: "Ɗana, na isa gida lafiya. Ƙanwarka ta tsaya mini a rai. Yaya kake iya haƙuri da ita?"

Auta ta karanta saƙon. Sannan ta rubuta komai, da hannun nan mai ciwo. Ta ce Yaya na ofis yanzu haka, a kira shi a ji. Ta ce ita ce ta ɗaura igiyar, ita ce ta yi kuka ranar da aka ba ta labarin ɗan, kuma ta roƙi gafarar abin da bakinta ya yi. Ta ce ba ta son tauraro ko ɗaya, so take kawai a kira ta da sunanta. Ta tura.

Amsar ba ta ɗau lokaci ba.

"Yarinya, ki ji tsoron Allah ki ajiye wa yayanki kayansa. In kika ƙara rubuto mini da sunansa, zan daina magana a nan gaba ɗaya."

Ta karanta. Ta dubi ɗakin, gado da bango da taga da ba ta kai tsayinta ba. Anti na kicin tana waya tana dariya. Daga nan har yamma ba wanda zai buɗe ƙofar nan sai mai ajiye kwano. Matar da ta yi barazanar tafiya kuwa ita kaɗai ce a duniya ke tambayarta kullum, ko da da sunan wani ne, yaya idon yau.

Mutane da yawa za su ce ai sai ta rufe kwamfutar ta riƙe mutuncinta. Masu faɗin haka suna da ƙafar sauka bene. Auta ta goge fuska da bakin zani, ta jira ɗan lokaci don abin ya yi kama da gaskiya, sannan ta rubuta:

"Yi haƙuri Mama, ni ne. Na karɓe daga hannunta."

"Alhamdulillahi," in ji Mai Tabarau. "Ai tun daga rubutun na gane ba kai ba ne. Zo mu tafi, Dogo na jira."